Audugar Bakin Titi

Duk wanda ya daɗe a Zongon Lome ya san Iya Meimuna mai koko, wadda take dasa tukunyarta a bakin babban titi, daidai inda manyan motocin arewa suke tsayawa su jira layin shiga tashar jiragen ruwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kokon nan sana'a ce ta daga baya. Asalinta mai kaɗi ce, 'yar mai kaɗi. Tun ba ta kai ɗaukar tulu ba uwarta ta danƙa mata mazari, ta shafa mata alli a yatsa, ta zauna a kanta har zarenta ya daina yin gaɓa-gaɓa. Yanzu kuwa wa yake neman zaren hannu? Ko audugar da za a kaɗa ɗin ma, ta sha zagaya kasuwar Hédzranawoé daga wannan baki zuwa wancan ba ta samu ko dunƙule ɗaya ba. Ga auduga tuli kullum tana wucewa ta gaban idonta, an ɗaure ta dila-dila an rufe da tamfol, amma duk teku ta nufa.

Mijinta Malam Sabitu mahauci ne, shekara arba'in yana kan teburi ɗaya. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Idan ya auna nama sai ya ƙara tsoka, idan ya ƙara kuma sai ya yi shakkar ma'aunin ya sake ƙarawa, shi ya sa har ya ajiye wuƙa bai ga wani abin kirki ba. Ranar da ya bar kasuwa ya ce mata abu ɗaya yake roƙo a wurinta: idan ta Allah ta kasance, a sa shi cikin farin saƙi na zaren hannunta, irin wanda aka sa wa mahaifinsa. Ta ce masa ya daina irin wannan magana da rana tsaka. Amma ta riƙe.

Daga nan ta fara tsinta. Dilolin nan kafin su iso Lome daga Burkina ko Mali sun sha hanya, wasu sun yage, iska tana ɗebo 'yan guntaye tana watsarwa a gindin taya. Kowace safiya idan ta sallami masu koko sai ta bi jerin motocin tana tarawa a bakin zanenta. Ta kai gida ta tsince ƙasa da ciyawa, ta shiɓe, ta kaɗa. Shekara uku tana wannan hidima. Da zaren ya taru ta hau acaɓa ta kai wa wani tsohon masaƙi a unguwar Totsi, ya saƙa mata, ta haɗa da allura da kanta. Aka sami fari guda uku, masu kauri, masu laushi.

A lokacin nan ciwo ya riga ya kwantar da Malam Sabitu. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sai ya jingina da bango yake samu. Likita ya faɗa wa 'yarsu Djamila abin da ya faɗa, ita kuma ba ta iya ɓoye fuska ba. Wata rana da hantsi Iya Meimuna ta ɗauko farin ta shimfiɗa masa a kan cinya, tana jin daɗi a ranta, don ko ba komai ta cika alkawari. Ya shafa, ya kai hanci ya shinshina, ya yi murmushi. Sai ya ce, “Maman Djamila, ina kika sami audugar?”

Ta ce, “A bakin titi, Malam. Wadda iska ta zubar.”

“Duka iska ce ta zubar?”

Gaskiyar magana, ba duka ba. Akwai ranakun da ƙasa ba ta da komai, ga kuma dila ta yage, farar auduga tas ta leƙo tana kallonta. Wa zai ga haka ya wuce? Takan kai hannu ta finciko, cikin tafi ɗaya, wani lokaci biyu. Ba ta taɓa kiran abin da wani suna ba, sai yau da ya tambaya.

Ya ninke farin a hankali ya miƙa mata. Ya ce, “Ba zan kwanta da kayan wani a jikina ba. Ki nemo mai ita ya yafe.”

Ta so ta yi masa faɗa. Mutum numfashi yana gagararsa amma yana bin diddigin abin da bai kai nauyin kaza ba! Sai dai ta san wanda take aure. Ta yafa mayafi ta tafi wurin Malam Abdurrashid, limamin masallacin layinsu, tana fatan ya ce babu komai. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce wadda ta tsinta a ƙasa abin da aka yar ne, ba laifi. Wadda ta cira da hannu kuwa, wannan tana da mai ita. Ya tambaye ta ko za ta iya ware su. Ina za ta ware? Ta riga ta kaɗa su zare ɗaya.

Ta wuce wurin motoci. Akwai wani direba Moumouni, mutumin Nijar mai zama a Wagadugu, wanda ya fi shekara goma yana shan kokonta. Ta ja shi gefe ta faɗa masa, kunya kamar ta nutse. Ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga fuskarta sai ya daina. Ya ce, “Iya, ai ni ɗan dako ne. Kaya na kamfani ne, kamfanin ma tun kafin mu ɗauko ya sayar. Ki tambayi Djamila, ba a buron fito take aiki ba, ofishin masu fitar da kaya ta jirgi? Su ne masu takardu.”

Iya Meimuna ba ta taɓa zuwa wurin aikin 'yarta ba. Ta hau acaɓa tun daga Zongo har bakin teku, ta riƙe rigar mai mashin gam, duk ramin da suka faɗa tana tunanin ko a wannan lokacin numfashin Malam ya tsaya. Djamila ta gan ta a ƙofar ofis ta miƙe a firgice, ta ɗauka an zo faɗa mata rasuwa ne. Da ta ji abin da ya kawo ta sai ta dafe kai.

“Maman, c'est pas possible, ba zai yiwu ba. Zo ki gani.” Ta juyo mata da fuskar na'ura, tana bin layi da yatsa. “Wannan jirgin Bangaladash ya nufa. Wannan ma Bangaladash. Wannan Biyetnam, wannan Pakistan, ga na Sin. Su ne suke kwashe audugar duniya, masaƙunsu ba sa tsayawa. Kowane jirgi da masu kayansa. Shekara uku fa, Maman! Wanne za ki nema?”

“Musulmi ne?”

“Na Bangaladash da Pakistan, yawanci.”

“To ki buga musu waya. Musulmi zai gane.”

Djamila ta rasa ko ta yi dariya ko ta yi kuka. Ta riƙo hannun uwar ta ce ta kwantar da hankalinta, ai waɗancan ba su yi asarar komai ba. Ana auna kaya a can inda aka loda, a sake aunawa a nan tashar. Shi mai saye, abin da ya shiga jirgi kawai ya sani. Idan nauyi ya ragu a hanya, direban da ya ɗauko ake tuhuma. Ta faɗi haka ne don ta sanyaya mata rai, ba ta san ta ƙara hura wutar ba.

Ashe ba a bayan teku masu haƙƙin suke ba. Su ne waɗanda kullum suke tsugunawa a gaban tukunyarta suna ce mata Iya, tana ƙara musu sukari.

Bayan azahar ta koma wurin motocin. Direbobi suna kwance a ƙarƙashin inuwar tirela, wasu suna dafa shayi. Moumouni ya tara mata su, sun kai ashirin. Ta tsaya a tsakiyarsu, tsohuwa da furfura, ta faɗi abin da hannunta ya yi, ba ta rage komai ba. Suka yi ta cewa sun yafe duniya da lahira. Wani ma ya miƙe zai yanko mata daga dilarsa, ta daka masa tsawa. Har ta fara jin sanyi a ƙirjinta, sai wani a cikinsu ya ce, “Allah sarki Alasan, da yana nan shi ma da ya yafe.”

Ta san shi. Wani dogo ne mai jar mota, ba ya shan koko sai da ƙosai biyar. Ta ce ina ya shiga, ta kwana biyu ba ta gan shi ba. Suka kalli juna. Moumouni ya ce bara aka karɓe masa mota, wai kayansa sun cika zuwa da ragi. Ya yi saurin ƙarawa da cewa ba audugarta ba ce, tafin hannunta ba zai motsa ma'aunin tirela ba, tamfol ɗinsa ne ya mutu. Wataƙila gaskiya ne. Amma ita ta tuna jar motar nan sarai, don dilolinta sun fi na kowa yagewa, kuma nan hannunta ya fi zuwa. Babu wanda ya san inda Alasan ya koma. Wani ya ce Abijan, wani ya ce wurin haƙar zinariya.

Tun daga titi har gida tana shirya maganar da za ta yi. Kalma biyu ce kawai: sun yafe. Ba ƙarya ba ce, ai sun yafe ɗin. Ta shiga ta same shi a jingine, idonsa a ƙofa.

Ta ce, “Malam, na sami masu ita. Direbobin nan ne. Sun yafe.”

Ya lumshe ido ya yi hamdala. Da ya bar ta haka da shi ke nan. Amma Sabitu ne. Ya buɗe ido ya ce, “Dukansu?”

Shekara arba'in da biyar ba ta taɓa yi masa ƙarya a kan abin da ya fi gishirin miya ba. Ta kalli farin nan a kan akwati, aikin shekara uku, yatsunta har sun yi kanta. Ta ce, “Saura ɗaya.”

Sai ya miƙo hannu ya kama nata, abin da bai saba yi da rana ba. Ya ce, “Allah ya yi miki albarka. Ki sa Djamila ta sayo na kasuwa.” Nan ta fashe da kuka, na baƙin ciki da na haushinsa gaba ɗaya.

Kwana tara bayan haka ya rasu, ranar Talata da hantsi. Aka sa shi cikin farin yadi na kanti. Da ake yankawa Djamila ta ga tambari a bakin yadin, ta karanta sunan ƙasar, ta ninke gefen ta ɓoye, don ta san uwarta ba za ta so jin Bangaladash a ranar ba.

Da Iya Meimuna ta fita takaba ta mayar da tukunyarta wurin da take. Farin yana nan cikin akwati, ta sa masa kanumfari saboda asu. Ta ce ba za ta bayar ba, ba kuma za a sa mata shi ba sai ya halatta. Yanzu iska tana zubo auduga har gindin murhunta, ba ta ko kallo. Amma duk baƙon direban da ya tsuguna ya miƙo kofi, kafin ta zuba masa sai ta tambaye shi ko ya san wani Alasan, dogo, da yake jan jar mota.