Ƙwaya ta Hana Yaya Sale Noma, Dorina ta Kashe Shi

Daminar bana ce ta goma sha ɗaya da muka binne Yaya Sale a Tarai. A gidanmu har yau cewa ake ciwo ne ajalinsa. Ni da na yi masa wanka na san duka ne ya kashe shi. Da na bar maganar a kabari, sai dai ciwon ya kama ɗansa Habibu, kuma na fara jin irin maganganun da na ji a wancan karon.

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin da ba a gayya babu shi. Da kansa ya taɓu, ya fara jin muryoyi yana zagin bango, na kai shi asibiti a Kano aka ɗora shi a kan ƙwaya. Ta yi aiki, ba zan yi ƙarya ba, muryoyin sun yi shiru. Amma ta kashe masa jiki. Barci har hantsi, yawu na dalala, kofin koko sai da hannu biyu. Da rani an lallaɓa. Da ruwa ya sauka, ciyawa ta cinye masa dawa yana kallo. Rannan a bakin gona ya ce min, "Ɗanladi, abin nan bai warkar da ni ba, jingine ni ya yi kamar buhu."

Baffa Isiyaku, ƙanin mahaifinmu, dama jira yake. "Aljani ba ya jin ƙwayar Bature. Ku bar yaro ya yi nomansa." Yaya ya zuba maganin a masai. Ya yi noman farko kamar mutum uku, kowa na cewa, ka gani? Kafin maimai ya daina barci kwata-kwata. Ranar kasuwar Kibiya ya sari bijimin wani Bafulatani da adda, ya juyo kan mai shi. Matasa suka rufar masa da sanduna har haƙoransa suka zube.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ina Rano a shagona na faci, su Baffa suka ɗaure shi da igiyar shanu, suka kai shi gidan wani mai magani can bayan Fammar. Da na je, na tarar sarƙa ta ci masa ƙafa har ƙashi, ƙuda na bi. Bayansa duk sawun dorina. Idonsa ya kumbura don hayaƙin barkono. Na ce a kwance shi. Mai maganin ya ce, "Ba ɗan'uwanka muke duka ba, na jikinsa muke duka." Na ce, "To jinin wa ke zuba?" Yaransa suka fitar da ni da naushi. Kafin in haɗo mota da mutane, Yaya ya cika.

Yanzu ina jin masu ilimi a rediyo. Wannan ya ce ƙwaya guba ce, hira da addu'a da motsa jiki sun isa. Wancan ya ce in ba ƙwaya ba sai mutuwa. Ni a firamare na tsaya, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Addu'a ba ta taɓa fasa bayan kowa ba, ba ni da faɗa da ita. Ƙwaya kuwa babu wanda ya ce wa Yaya ana komawa a rage ta ko a canza wata. Da yana raye ban san wa zai bi ba, don ya tsane ta har ya bar duniya. Ina jin tambaya ɗaya zai yi musu su duka: wa zai nome min gonata?

Me ya rage na Yaya? Gonar nan, da taurin kai, da Habibu, wanda yake da muryarsa sak. Shi ma an ɗora shi a kan ƙwaya, ta kashe masa jiki, shi ma yana kallon ciyawa yana cizon leɓe. Na mai da shi asibiti an rage masa ita, da ɗan dama, amma bai kai ya wuni a duƙe ba. Na rufe shago sai kaka, ni zan yi masa noman.

Ran Juma'a Baffa, da sandarsa da furfurarsa, ya ce, "Yaron nan dai aljanin ubansa ne ya dawo. Akwai wani mutum a wajen Lausu..."

Na ce, "Baffa, girmanka yana nan. Amma wallahi duk wanda ya shigo gidan nan da igiya, a makara zai fita."