Garin Yangona a Leda

"To ka koma makaranta mana," in ji Vilimaina, tana tura akwatin na'urori a bayan mota. "Akwai karatun yamma. Shekara uku ka gama."

"Da wannan furfurar? In zauna da sa'annin 'ya'yana ana koya mini riƙon kwalba?"

"Lissafi za a koya maka, taubashi. Kwalba kam ka fi malaman iyawa."

Apakuki ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. 'Yar kawunsa ce, kuma a Fiji ba a fushi da wasan taubasai komai zafinsa.

Shekararsa goma sha tara yana ɗebo ruwan koguna yana kai wa ɗakin gwajin ruwa a Lautoka. Da takardar sakandare ya shigo, yana wanke kwalabe, har ya zama shi ake aikawa ƙauyuka. Ya san kogin da ke yin ja bayan an sare rake, ya san wanda ke wari idan aka kwana biyu ba ruwan sama. Da shugaban sashen ya yi ritaya, shi ya riƙe kujerar har shekara biyu. Sai aka liƙa sanarwa cewa ana neman mai digiri a kimiyyar muhalli, wanda ya iya sarrafa bayanai a kwamfuta. Ya karanta layin nan ya fi sau ashirin. Vilimaina, wadda ya sha ɗauka a wuya zuwa coci, ta dawo daga Brisbane, can ƙasar waje, da digiri biyu, aka ba ta kujerar.

Ba ya ƙin ta. Amma duk safiya sai ya wuce ta ƙofar da aka rubuta sunanta, kuma rahoton da ke fita, ruwan da ya shiga laka ya ɗebo ne a ciki, sunanta ne a kai.

Yau ce fitarta ta farko. Tana so ta kafa na'urori a kogin wani ƙauye da ke kan tudu, masu auna ruwa da kansu, kuma sai dattawan garin sun yarda. Da ya buɗe ƙofar mota sai ya ga ta ajiye ledar garin yangona a kan kujera, irin wadda ake saye a kanti. Yangona saiwa ce da ake dakawa a jiƙa a sha a Fiji. Ya tsaya yana kallonta. Wanda zai roƙi abu a wurin dattawan nan, saiwar yangona yake kaiwa, ɗauri guda, naɗe a jarida. Gari na sha ne tsakanin abokai. Ya shiga ya tayar da mota.

A kasuwar wani gari mai suna Ba suka wuce rumfunan masu yangona, saiwoyi jibge a kan tebura. Har ƙafarsa ta kai kan birki.

"Akwai abin da muka manta?" ta tambaya, idonta a kan waya.

"Ai ke ce shugaba," ya ce, ya ƙara wuta.

A bakin ƙauyen suka cire huluna, suka ɗaura zane bisa al'adar wurin, aka shigar da su gidan Nemani, mai garin. Dattawa huɗu ne a kan tabarma. Kamar kullum Apakuki ne mai magana da bakin baƙi. Ya tafa hannu, ya faɗi abin da ya kawo su, ya kira sunan Vilimaina da muƙaminta, sannan ya tura ledar gaba. Ƙarar ledar kaɗai aka ji a ɗakin.

Nemani ya daɗe yana duban ledar kafin ya taɓa ta da 'yan yatsu, don ba a mayar wa baƙo kyauta.

"'Yata, kin daɗe a ƙasar mutane, ba ni da magana da ke," ya ce. Sai ya juyo. "Kai fa, Apakuki? Shekara nawa kana cin rogo a gidan nan? 'Yar kawunka ta zo gaban manya ran farko, ka bar ta ta shigo haka?"

Apakuki ya kafa wa tabarma ido. Tun daga Lautoka yake hango yadda za ta sunkuyar da kai. Bai taɓa kawo cewa shi za a duba ba.

"Ruwa ku ɗeba kamar yadda kuka saba," in ji dattijon. "Zancen ƙarafunan nan, sai mun sake zama. Ku dawo bayan wata."

Da suka fito ta yi gaba, ba ta tsaya ba sai a jikin mota.

"Apakuki," ta ce. Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. "Ka gani tun da safe."

"Na gani."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya shafa ƙeya. Ƙarya ba ta zo masa ba.

"So na yi in ga abu ɗaya da ba ki sani ba."

"To ka gani. Ya yi daɗi?"

Akwai ɗan daɗin can ƙasan ransa, kuma shi ya fi ba shi kunya.

"Ran Juma'a ake jiran bayanan farko a ofis," ta ce. "Ni zan tsaya in yi bayani, ba kai ba." Ta shiga mota ta ja ƙofa, ta fara neman lamba.

Ya ɗan tsaya ko za ta sauke gilashi. Ba ta sauke ba. Hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu, ga wuri uku da zai ɗebi ruwa kafin kogi ya gurɓace. Ya ciro akwatin ƙanƙara da kwalabe, ya sa takalman roba, ya gangara ta bayan coci.