Malama Barakatu, Mai Tarbar Yara a Bakin Ƙofa

Kullum da sassafe Malama Barakatu Kawu takan share ɗakin karatunta da ke ƙasan wani gida a unguwar Madain Fahd ta birnin Jidda, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa. Babu yarinyar da ke shiga sai ta kira sunanta, ta tambaye ta mutanen gida. Mai iƙama, wato takardar izinin zama, da marar ita, shimfiɗa ɗaya suke zama. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, sai bana da ciwon gwiwa ya matsa mata ta ce za ta huta.

Mansura, mai ɗinki a unguwar Mahjar, ba za ta manta da ita ba. 'Yarta Sajida ta iso Jidda daga Maraɗi tana shekara tara, ko kalma ɗaya ta Larabci ba ta ji. Ranar farko da ta buɗe baki a aji, yara suka kwashe da dariya. Daga nan ta yi gum. Har a gida sai an matsa take magana, abinci kuma sai ta tsakura ta ture. Wata biyu ana haka, Mansura ta je makarantar.

"Malama, halas, shi ke nan, cire ta zan yi. Yarinyar nan ƙarewa take a gabana."

"Ba ni mako biyu, 'yata. In ba ta sake ba, ni da kaina zan rako miki ita."

Malama ta daɗe da lura cewa 'ya'yan Hausawa haifaffun Jidda suna jin Hausa amma ba sa iya mayarwa. Washegari ta tambayi aji yadda ake gaida kaka marar lafiya. Wata ɗaliba, Hafsa, ta ce da Larabci, in kakarta ta kira daga Sudan, miƙa wa mamarta wayar take yi don kunya.

"Sajida ta sani," in ji Malama. "Taso, zo kusa da ni."

Da ƙyar muryar ta fito: "Sannu Kaka, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

"Yalla, ku maimaita bayan malamarku."

Daga ranar, kowace safiya Sajida na koya musu gaisuwa ɗaya, su kuma su ba ta Larabcinta.

A kwana na goma Mansura ta zo ɗaukarta. Tun daga waje ta jiyo muryar 'yarta tana yi wa Hafsa gyara, suna dariya tare. Ta jingina da bango, ta sauke ajiyar zuciya, ta daɗe ba ta iya shiga ba.

Malama, ke ce uwar baƙi. Ke ce kika nemo abin da yarinya ta iya, kika ɗaga shi kowa ya gani. Mun gode, Allah ya ba ki lafiya, ya saka da alheri.

Ku kuma malamai, a kowane aji akwai wanda ya yi shiru a baya. Gobe ku fara da shi.