Ɗayyabu Mai Sikeli da Kwalekwalen Asibiti

A layinmu na Badarawa idan ka ce Ɗayyabu kawai, sai an tambaye ka wanne, don suna da yawa. Idan ka ce Mai Sikeli kuwa, kowa zai nuna maka gidan. Katanga ɗaya ce tsakanina da shi shekara ashirin da shida. Ni sunana Iliya, tsohon malamin firamare, daga Zonkwa na zo. Shi kuma daga wani ƙauye ne kusa da Soba. Ya shigo Kaduna yana ɗan shekara sha biyar, ya faɗa hannun wani tsoho mai gyaran sikeli a bayan Babbar Kasuwa, sana'ar da ya riƙe ke nan shekara arba'in da 'yan kai.

Aikin ne ya ɓata masa zuciya, in ji matarsa Magajiya. Ya ga mahauci ya manna ƙarfe a ƙarƙashin faranti, ya ga mai shinkafa ya lanƙwasa allurar sikeli da ɗan yatsa. An sha kawo masa aiki a ce ya ɗan karkata shi, ya ƙi. Sai ya zama mutumin da ba ya yarda da komai sai ya gwada da hannunsa. Ko agogon masallaci ya ce ƙarfe huɗu, sai ya duba nasa.

Ciwon ya fara ne daga hannun dama. Yana ɗaure ƙaramin noti sai ya ga yatsunsa suna rawa su kaɗai. Ya ɓoye wata shida, yana sa hannun a aljihu. Magajiya ta ce ko wani ɗan kasuwa ne ya yi masa asiri, ta nemo masu magani. Ya yi wa mutum biyu tambayoyi har suka tattara ƙullinsu suka tafi. A asibiti aka ce Fakinsan ne, ciwon da ke taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, ba a warkewa, sai dai a rage masa sauri. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi. Bayan shekara biyu takunsa ya gajarce, idan ya zo bakin ƙofa ƙafafunsa su kafe kamar an zuba musu siminti. Ranar da ya faɗi a ƙofar masallaci likita ya tura shi sashen gashin ƙashi, ni kuma na zama ɗan rakiya, tunda 'ya'yansa duk suna nesa.

A can muka haɗu da Deborah, ma'aikaciyar sashen, yarinya ce mai sanyin magana da ba ta wuce talatin ba. Ta kai mu wani ɗaki, ga talabijin a bango, ga wani farin faifai a ƙasa, ga ƙarfen riƙewa gefe da gefe.

"Baba, wasa za ka yi," in ji ta. "Ka hau nan. Ka ga kwalekwalen can a cikin kogi? Idan ka karkata dama, zai yi dama. Ka kauce wa duwatsu, ka kwashi kifi. Yana koya wa jiki tsayuwa da juyi."

Bai hau ba. Ya sa na ɗaga masa faifan, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ƙwanƙwasa kusurwa huɗu.

"Wannan ai sikeli ne aka sa wa riga," ya ce. "Wa ya ƙera shi? Me zai samu da ni?"

Ta ce wasu masu bincike ne suka kawo, suna son su ga ko yana taimakon masu irin ciwonsa, kuma ga takarda, sai ya yarda zai sa hannu. Ya tafi da takardar gida. Kwana uku ina karanta masa ita layi layi, yana tsayar da ni. Da muka koma ya nuna wata ƙaramar huda a saman talabijin ɗin, ya ce ido ne. Deborah ta ce kyamara ce amma ba a kunna ta. Ya ciro baƙin salatif daga aljihu ya ba ni, na manne ta. Sannan ya hau.

Ranar farko kwalekwalen ya daki dutse sau goma sha ɗaya, talabijin ta nuna maki talatin da takwas. Duk Talata da Alhamis muke zuwa. Mako na uku maki ya kai sittin, mako na shida saba'in da biyar, har ana buga masa tafi daga cikin na'urar. Ni na ji daɗi. Shi kuwa fuskarsa sai ƙara ɗaurewa take.

Wata Alhamis ƙwayarsa ta ƙare, ba a samo ba sai da rana. Da ƙyar na sa shi a Keke, jikinsa ya sandare. Ya hau faifan yana layi, amma da aka gama sai ga saba'in da uku. A hanyar gida, da muka wuce Kawo, ya juyo gare ni.

"Malam Iliya, yau jikina ya fi na makon jiya ko ya kasa?"

"Ya kasa, Malam."

"To ina saba'in da uku ta fito?"

Talatar da ta biyo ya zo da shirinsa. Da gangan ya riƙa sakin kwalekwalen yana dukan duwatsu. Ina kallo kogin ya fara faɗi, duwatsun suka ragu, ruwan ya rage gudu. Da Deborah ta fita ɗauko fayil sai ya ce in hau. Na ce kada mu jawo wa kanmu magana, ya ce in hau dai. Ni ƙafata lafiya lau, minti biyu ban taɓa dutse ba. Sai kogin ya matse, duwatsu suka yi ta fitowa kamar an zazzage buhu. A haka ta dawo ta same mu.

"'Yata," ya ce, "sikelinki yana ƙarya."

Ba ta musa ba. Ta ce haka aka tsara shi, idan mutum ya gaji sai wasan ya sauƙaƙa, idan ya ƙware sai ya tsananta, don kada mara lafiya ya karaya ya daina zuwa.

"Wato lallashina ake yi. An ga tsoho mai rawar hannu, a ba shi kifin ƙarya da tafi."

"Ba haka ba ne, Baba. Laifina ne da ban yi maka bayani tun farko ba."

"Abin da ba a faɗa mini tun farko ba, shi nake tsoro. Saura me kuma?"

Ya ɗauki sandarsa muka fito. Mako uku bai koma ba. Magajiya ta ce masa ta ga juyinsa a tsakar gida ya ƙara nauyi, ya ce ita ma an haɗa baki da ita. Ni da na sa baki, ya tambaye ni sau nawa Deborah ta kira ni a waya. Na ce sau biyu. Ya ce ya sani.

Wata Asabar bayan la'asar sai ga ta da sallama, ba faifai ba talabijin, littafi kawai a hannunta. Magajiya ta shimfiɗa mata tabarma, ta aika aka kira ni.

"Baba, ka manta da makin," in ji Deborah. "Ka tuna ranar farko na sa ka tashi daga kujera, ka yi tafiyar mita uku, ka juyo ka zauna? Na rubuta lokacin. Daƙiƙa sha tara. Mako na shida na sake, sha biyar. Mu gwada yau."

"Da agogon wa?"

"Da naka."

Ya sa aka ɗauko tef ɗin awonsa na ƙarfe daga akwatin aiki, na auna mita uku a siminti na ja layi da gawayi, ya ce in sake. Na riƙe agogonsa, ya tashi, ya je, ya ɗan kafe wajen juyawa, ya dawo. Sha takwas. Ya ce a ƙara. Sha takwas da ɗan ɗoriya.

Ya dubi layin da na ja da gawayi.

"Wa ya ce wasan ne ya kawo sha biyar ɗin? Ƙila ƙwaya ce. Ƙila ranar na yi barci mai kyau."

"Ƙila," ta ce. "Ban sani ba tabbas, shi ya sa ake binciken. Kuma ko ka dawo, ciwon ba zai tsaya ba. Abin da na gani kawai na faɗa maka."

Da ta tafi ya ce da ni tun da ciwon ya kama shi, ita ce ta farko da ta ce masa ba ta sani ba. Bai ce ya yarda da ita ba. Amma Talata da safe na ji sandarsa tana buga ƙofata.

Ya kafa sharaɗi biyu. A rufe gefen talabijin da ke nuna maki da kwali, a kashe tafin. Sannan duk ƙarshen wata a yi gwajin kujera a gidansa, ni in riƙe agogo. Deborah ta amince.

Yau shekara ɗaya da rabi ke nan. Ya bar rumfar kasuwa, hannun hagu ma ya fara rawa, muryarsa ta yi ƙasa sai ka matso. Gwajin kujera yana yawo tsakanin sha shida da sha tara. Sau ɗaya ya faɗi a bara, a banɗaki. Ko wasan yana da hannu a wannan, ni ban sani ba, shi kuma idan ka tambaye shi sai ya ce har yanzu yana bincike.

Alhamis ɗin da ta wuce, muna cikin Keke, ya jawo hannun rigata. Ya ce ya lura duwatsun gefen hagu sun fi na dama yawa kwanan nan, tun da hannun hagunsa ya fara, kuma ba wanda ya gaya wa na'urar. Na ce ƙila daga nauyin ƙafarsa take ganewa. Ya ce ƙila, amma ranar Talata in zo da biro da takarda, ni in ƙirga na hagu, shi zai ƙirga na dama, kuma kada in kira Deborah kafin nan.