Ƙyalle a Idon da Ba Shi Ba

'Yata tana da shekara biyar na lura idonta na hagu yana yawo. Ina yi mata magana, na dama yana kaina, na hagu yana kallon tulu. Abinci ya daina shiga mini. Mijina, ɗan dako ne a bakin ruwa, ya ce in kwantar da hankalina, mai gadin wuri biyu muka samu.

Na goya ta har unguwar Itapagipe, wurin wata tsohuwa mai gyaran kifi da aka ƙetaro teku da ita daga ƙasar Katsina tun tana budurwa. Ta kaɗa wutsiyar kifi a gaban yarinyar, dama da hagu.

Ta ce, "Idon lafiyarsa lau, 'yar nan. Kan ne ya daina kula shi. Kan yaro ɗanyen yumɓu ne, yadda ya saba haka zai bushe. Ki rufe mata ido ɗaya kafin ta fara famfara. In haƙoran suka zube, sai haƙuri."

Ban tambayi wanne ba. Ai mai ciwo ake ɗaurewa. Wata guda na hagun yana cikin ƙyallen da na yago daga bakin zanena, kowace safiya ina girgiza haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, har ta cije ni.

Da muka koma, tsohuwa ta ajiye wuƙa.

"Raggon kika ba hutu?"

"Inna, shi ne marar lafiyar."

"Shi ne marar aikin. Rufe mai ƙwazon, kan ya rasa wanda zai aika sai wannan."

Na sauya. Yarinya ta yi ta karo da ƙofa tana kuka, ta ce ba za ta yarda ba sai ni ma na ɗaura. Na ɗaura. Ranar na zuba ƙullin ƙosai a gefen kasko, na miƙa wa wani mai saye nasa a iska. Muna gangara titin da ake kira Ladeira da Praça riƙe da juna, kowacce tana zaton ɗayar ce mai gani.

Damina ta wuce muna haka. Wata rana ina tsintar wake ta ce, "Umma, kin bar ƙwaro," ta sa yatsa ta ɗauke shi. Na duba, ƙyallen yana nan a idonta na dama.

Haƙorin farko ya faɗi bayan sati uku. Idon ya dawo gida, sai dai in ta gaji yakan ɗan leƙa tulu. Har yau in na gani, hannuna sai ya kai bakin zanena.