Farantin da Umma Ta Cika

Shekarun baya ni da Umma mun yi aikin girki a wata unguwar Amurkawa da ke arewacin Jidda, irin mai katanga da masu gadi. Daga unguwar Ammariyya muke tasowa kullum. Umma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, tun da ta zo umara ta zauna, don haka aikin nan shi ne rufin asirinta: a cikin katangar ba mai tambayar ta takarda. Wani ɗan kwangila ne ya samo mana, kuma katin shigarmu a hannunsa yake.

Mazauna wurin tsofaffin sojoji ne da suka ajiye kaki suka zo aikin koyarwa. Da yawansu runduna ɗaya suka yi, ta sojan ƙasa, kuma ba su da hira sai tata. Maigidanmu, wani dogo mai ɗingishi, in ya shigo kicin shan ruwa sai ya tsare ni da tarihi, tunda ina tsintar Turanci. Na ji yadda rundunar ta sha sanyi a ramukan Turai zamanin kakansa, na ji yadda ƙafafun mutanenta suka ruɓe a dajin Biyetnam. Na ji yadda shi kansa ya goyo abokinsa cikin hayaƙin rijiyoyin mai a yaƙin Kuwait, yana ta yi masa magana, ashe ya riga ya cika. Wannan ya ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba. Amma duk surutunsa, abin da ya shafi aikinmu bai taɓa gaya mana ba.

Ranar taron shekara na rundunar aka yi walima bayan la'asar. A gefen falo suka ajiye wani ƙaramin tebur da farin mayafi, kujera ɗaya, kofi a kife, faranti ba komai sai ɗan gishiri da yankan lemon tsami. Ina kicin, Umma ce ke kai abinci. Ta zuba wa kowa, ta juyo ta ga faranti wayam. A wurinta baƙo ne bai ƙaraso ba, kuma abin kunya ne a cinye a bar shi. Ta kwashe gishirin da lemon, ta cika farantin da shinkafa, ta zaɓo tsoka mai kyau ta ɗora, ta daidaita kofin ta zuba ruwa, ta rufe da wani farantin kada ya huce.

Tsawar da na ji ce ta fito da ni. Wani jan ƙato yana tsaye a kan Umma yana nuna ta da yatsa, ita kuwa tana riƙe da ludayi tana murmushin wanda bai san laifinsa ba. Sai a lokacin aka ce mini teburin na matattunsu ne da waɗanda suka ɓace, ba a taɓa shi. Na dubi maigidanmu, mutumin da ya cika mini kunne da jarumtaka, ina jira ya ce tsohuwa ba ta sani ba. Ya sunkuyar da kai yana juya cokali. Wannan shirun nasa ya fi tsawar ƙona mini rai, har yau kuma ban huce ba.

Washegari ɗan kwangila ya tare mu a bakin get. Na roƙe shi, na ce a bar ni in yi musu bayani.

"Halas, magana ta ƙare," ya ce. "Ke ki shiga, ita ta koma. Ta gode Allah ban kira 'yan sanda ba. Yalla, maza."

Ni ma ban shiga ba. A mota na yi ta zage-zage. Sai da muka kusa Balad, tsohon garin Jidda, Umma ta tambaye ni wanda ya ci abincin. Na gaya mata gaskiya, a kwandon shara suka juye shi, a gabana.

"Ke 'yar nan," ta ce, "abincin mamaci ai sadaka ake yi da shi. Ga masu gadi nan a rana."

Ba ta sake samun aiki cikin katanga ba. Ta koma tallan gyaɗa a lungunan Balad, ido ɗaya a kan tire, ɗaya a kan hanya. A can aka kama ta, aka mayar da ita ƙasarmu, inda ba ta da sauran kowa.