Wurin Baffa a Kan Tabarma

Shekaranjiya ina kwashe tarkace a tsohon rumbu na ci karo da akushin babana. Ya tsage, amma ƙanshin daddawa bai bar shi ba. Na daɗe tsugune da shi a hannu.

Ni ban yi nisa a boko ba, kada ka ce zan yi maka lacca. Abin da na sani na mulki a zaurenmu na Mawashi na gan shi.

Babana mai unguwa ne. A lokacin, maza ciyayya suke yi: kowa ya fito da tuwon gidansa, a haɗu a zaurenmu a ci tare. Baffana, ƙanen babana uwa ɗaya uba ɗaya, kullum shi ne a damansa.

Wata damina, shekarun da kuɗin mai suka sa kowa sayen rediyo, Baffa ya sare shingen aguwa ya shigar da gonarsa cikin burtali, hanyar da shanun Fulani ke bi zuwa ruwa. Ardo ya kawo ƙara. Gero ya kai gwiwa a lokacin. Babana ya je ya auna da ƙafarsa, ya ce a tuge.

"Yaya, ni za ka kunyata gaban masu shanu?"

"Burtali ya girme ni, ya girme ka."

Da hannunsa babana ya fara tuge geron.

Ranar Baffa bai fito da tuwonsa ba. Kafin sati dangi duk sun koma ƙofar gidansa. Muna jiyo dariyarsu ta bayan katanga. Zauren ya rage daga ni sai babana, sai rediyo, sai ƙuda. Duk da haka kullum sai ya matsa gefe ya bar wuri a damansa. In na zauna nan ya ce, "Tashi, da mai shi."

Wata rana muna shan fura da hantsi rediyo ta ce an kifar da shugaban wata ƙasa, wai an gudu an bar shi a fada. Babana ya ajiye ludayi. Bai tambayi laifinsa ba. Cewa ya yi, "Halan da wa yake cin abinci?"

Damina bakwai ana haka. Shanu suna wucewa lafiya, ba wanda ya zo ya ce an gode. Baffa bai sake taka zaurenmu ba sai ranar da aka fito da babana a makara. Bayan an dawo daga kushewa ya shigo, ya dubi tabarmar, ya zauna daidai wurinsa. Ba mai miƙo masa akushi.

Yanzu burtalin duk ya zama gonaki. In manyan ƙasa suka ratsa Kankia da jiniya, motoci arba'in a bayansu, ni ba na ɗaga hannu. Tun ina yaro na ga mutum ya yanke gaskiya a kan ɗan'uwansa, na kuma ga yawan mutanen da suka rage masa a tabarma.